Tarbiyyar 'Ya'yanmu: Littattafan Hotuna, Cin Zali da Ikon Alheri



Duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar coci bayan an tashi daga ajin katekizim, ko kuwa a bakin filin makaranta lokacin tara, ya san abin da muke so mu yi magana a kansa. Yara suna ta guje-guje da shewa, amma can a jikin bango akwai ɗaya tsaye shi kaɗai, yana wasa da bakin rigarsa. Wataƙila in'ina gare shi. Wataƙila shan inna ya taɓa masa ƙafa, ko zabiya ne, ko maraya, ko kuma rikici ne ya koro iyayensa daga ƙauyensu har Hausarsa ta bambanta da ta 'yan gari. An ba shi wani suna wanda ba a yi masa baftisma da shi ba, kuma kullum da shi ake kiransa. Mu manya mukan wuce mu ce wasan yara ne. Shi kuwa yaron, wannan wasan ne yake hana shi barci, shi ne yake sa masa ciwon ciki duk safiyar Litinin.

Bambancin cin zali da faɗan yara

Wajibi ne mu rarrabe tsakanin faɗan tsara da cin zali. Tsara biyu sukan yi kokawa da safe, su ci tuwo a kwano ɗaya da dare. Cin zali kuwa alamominsa uku ne, kamar yadda masanin halayyar ɗan Adam, Dan Olweus, wanda ya fara nazarin wannan al'amari a ƙasashen Suwidin da Norwe tun wajen 1970, ya bayyana: da gangan ake yin sa, ana maimaita shi, kuma mai yi ya fi wanda ake yi wa ƙarfi, ko ƙarfin jiki, ko yawan magoya baya, ko kaifin baki. Duka yana ciki, ƙwace abincin ƙaramin yaro yana ciki, haka kuma laƙabin wulaƙanci, da tsegumi, da haɗa baki a ƙaurace wa mutum. A shekarar 1982 yara maza 3 a arewacin Norwe suka kashe kansu bayan doguwar tsangwama daga abokan karatunsu. Abin ya girgiza ƙasar, har a 1983 gwamnatinta ta ƙaddamar da yaƙi da cin zali a makarantunta. A 2019 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan ɗalibi 1 cikin kowane 3 a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci tambayar da aka yi masa, a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara kuwa adadin ya kusa kai rabi. Ke nan a bencin yara na kowace Misa ta Lahadi akwai wanda ake zalunta, akwai mai zalunci, akwai kuma masu kallo, waɗanda su ne suka fi yawa.

Ikilisiya da koyarwa ta hoto

Ta yaya za a yi wa yaro ɗan shekara 6 wa'azi a kan wannan? In muka ce masa zalunci zunubi ne, zai gyaɗa kai, gobe kuma ya koma. Yaro ba ya ganin kansa a matsayin azzalumi. A wurinsa dariya kawai ake yi. Abin da ya rasa shi ne ganin fuskar wanda ake yi wa dariyar. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma Ikilisiya ta daɗe da sanin haka. Wajen shekara ta 600, Paparoma Giregori Babba ya aika wa Bishop Serenus na birnin Marsai da wasiƙa, yana tsawata masa saboda ya farfasa hotunan da ke cikin coci, yana kuma nuna masa cewa aikin da rubutu yake yi wa mai karatu, shi hoto yake yi wa wanda bai iya karatu ba. Tashoshi 14 na Hanyar Gicciye da ke jere a bangon cocinmu, ai su ne littafin hotuna na farko da yawancinmu muka karanta tun muna goye. Kafin mu san baƙi da wasali mun riga mun ga sojoji suna yi wa marar laifi ba'a, mun ga taro yana kallo, mun ga Saminu Bakurane yana kama gicciye a tasha ta 5, mun kuma ga Veronika ta keta taro ta share fuskar Yesu a tasha ta 6.

Haka kuma labari yana shiga inda tsawa ba ta shiga. Sa'ad da Sarki Dawuda ya yi babban zunubi, annabi Natan bai fara da zarginsa ba. Labari ya ba shi, na attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci. Dawuda ya husata ya yanke wa attajirin hukunci, sa'an nan annabin ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa (2 Sama'ila 12). Wannan hikima ce marubutan littattafan yara na kirki suka gada. Bari mu duba uku daga cikin irin waɗannan littattafai, dukansu an buga su ne a Amurka da Turanci, domin mu ga abin da za mu koya.

Yarinya mai riguna ɗari

Na farko shi ne The Hundred Dresses, wato Riguna Ɗari, wanda Eleanor Estes ta rubuta, Louis Slobodkin ya yi masa zane, aka buga shi a 1944. Labarin wata yarinya ce mai suna Wanda, 'yar baƙi 'yan asalin ƙasar Poland, marainiya ta wajen uwa, wadda kullum da riga ɗaya shuɗiya, koɗaɗɗiya amma wankakkiya, take zuwa makaranta. Wata rana ta ce tana da riguna 100 a gida. Daga nan 'yan ajinsu suka sami abin yi. Kowace safiya sai Peggy, wadda ta fi kowa farin jini a ajin, ta tare ta da tambayar yawan rigunanta, a kwashe da dariya. Amma zuciyar labarin tana ga Maddie, ƙawar Peggy. Ita ba ta taɓa furta kalmar ba'a ba, abin yana ma damunta, sai dai ita kanta 'yar talakawa ce, kwancen rigunan Peggy take sawa, tana tsoron kada in ta buɗe baki a juyo kanta. Sai ta yi shiru. Ranar da aka bayyana sakamakon gasar zane, 'yan aji suka tarar an lulluɓe bango da zanen riguna 100, kowace da irin kyanta, duk aikin hannun Wanda. Ita ta ci gasar, amma ba ta nan. Mahaifinta ya riga ya kwashe iyalinsa zuwa babban birni, inda ba za a ƙara yi musu dariyar sunansu ba. Maddie ta kwana ba ta runtsa ba, ta kuma ƙudura a ranta cewa ba za ta sāke tsayawa tana kallo bakinta a rufe ba. Daga baya Wanda ta aiko da wasiƙa ta ba su kyautar zane biyu, suka duba da kyau, sai suka ga fuskokinsu ne ta zana a ciki.

Dutse a cikin ruwa

Na biyu shi ne Each Kindness, ma'ana Kowane Alheri, na Jacqueline Woodson da mai zane E. B. Lewis, wanda ya fito a 2012. Baƙuwar yarinya, Maya, ta shigo aji da tsofaffin tufafi, aka zaunar da ita kusa da Chloe. Ta yi murmushi, Chloe ta kau da kai. Ta yi ta kawo 'yan kayan wasanta tana neman abokan wasa, ana ƙin ta, har aka laƙaba mata sunan da ke nuna cewa kayan gwanjo kaɗai take sawa. Wata rana kujerarta ta wayi gari ba kowa. Malamar ajin ta kawo kwano cike da ruwa, ta jefa ɗan dutse a ciki, yara suka ga yadda ruwan ya yi zobe-zobe yana bazuwa har bakin kwano. Ta ce musu haka alheri yake bazuwa, ta kuma sa kowa ya jefa dutsen ya faɗi wani alheri da ya taɓa yi. Da aka zo kan Chloe, ta riƙe dutsen ta rasa abin faɗa. Ta yi niyyar in Maya ta dawo za ta mayar mata da murmushi, amma Maya ba ta dawo ba, iyayenta sun ƙaura. A nan littafin ya ƙare, ba sulhu, ba rungumar juna. Wasu iyaye sukan ga kamar ƙarshen ya yi wa yaro nauyi, mu kuwa muna ganin gaskiyar da ke cikinsa ita ce amfaninsa. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Gara yaro ya ɗanɗana ɗacinta a shafin littafi, yana zaune a cinyar mahaifiyarsa, da ya ɗanɗana ta a rayuwa.

Yaron hankaki

Na uku domin malamai ne musamman. Crow Boy, wato Yaron Hankaka, aikin Taro Yashima ne, ɗan asalin Japan, an buga shi a 1955. Wani ɗan ƙaramin yaro da ake kira Chibi yakan taso daga can cikin duwatsu tun da asuba ya zo makarantar ƙauye, ya koma gida da faɗuwar rana. Shekara 5 ba wanda ya kula shi, ana ɗaukarsa dolo. A shekara ta 6 aka kawo sabon malami, Isobe, wanda ya riƙa zama da shi yana sauraronsa. A wani bikin makaranta na wannan shekara malamin ya tsayar da shi a gaban jama'a, yaron ya kwaikwayi kukan hankaki iri-iri, na ɗan tsako, na uwa, na uba, na lokacin farin ciki da na baƙin ciki, abin da ya koya a doguwar hanyarsa shi kaɗai. Jama'a suka fashe da kuka da suka tuna irin abin da suka yi masa. Shi kaɗai ne a ajin bai taɓa fashin makaranta ba cikin shekara 6. Malami ɗaya da ya buɗe kunnensa ya mayar wa yaro da mutuncin da aji guda ya ƙwace masa.

Abin da Maganar Allah take nuna mana

'Yan'uwa, abin lura shi ne biyu daga cikin labaran nan a kan tufafi suke, haka kuma tsohon labarin cin zali tsakanin 'yan'uwa da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Riga ce ta hura wutar ƙiyayyar 'ya'yan Yakubu ga Yusufu (Farawa 37). Suka yi masa laƙabi saboda mafarkansa, suka tuɓe shi, suka jefa shi a rijiya, suka zauna cin abinci. A cikinsu akwai Ra'ubainu, babban wansu, wanda bai yarda da abin ba. Amma maimakon ya tsaya ya hana gaba ɗaya, sai ya yi dabarar cewa zai komo daga baya ya fid da yaron a ɓoye. Da ya komo, rijiya ba kowa, an riga an sayar da Yusufu. Ya kyakketa tufafinsa don baƙin ciki, amma ayari ya yi nisa. Ra'ubainu shi ne Maddie, shi ne Chloe, shi ne kuma da yawa daga cikinmu: zuciya mai kyau wadda ta ɗaga alheri zuwa gobe.

Ga kuma saurayi Shawulu a wurin kisan Istifanas. Littafin Ayyukan Manzanni bai ce ya ɗauki dutse ba. Tufafin masu jifa ya tsare. Amma bayan ya zama Bulus manzo, da bakinsa ya lissafa wannan tsayuwa cikin laifofinsa (Ayyukan Manzanni 22:20). Firist da Balawe na misalin Basamariye mai kirki ba su doki kowa ba, wucewa kawai suka yi (Luka 10). Saboda haka ne a farkon Misa, sa'ad da muke bugun ƙirji, muke furta abin da muka aikata tare da abin da muka ƙi aikatawa. Manzo Yakubu ya gargaɗi ikilisiyar farko game da ba mai kyawawan tufafi wurin zama na girma, a bar mai tsumma a tsaye (Yakubu 2). Ubangijinmu kansa, kafin a gicciye shi, rundunar sojoji ta kewaye shi, suka yafa masa jar alkyabba, suka durƙusa suna masa gaisuwar ba'a, suka tofa masa yau (Matiyu 27). Duk yaron da aka sa a tsakiya ana yi masa dariya, Yesu ya riga shi tsayawa a wurin, kuma ya gaya mana a fili cewa abin da muka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, ko muka ƙi yi masa, shi muka yi wa (Matiyu 25).

Kada kuwa wani ya ce muryar yaro ɗaya ba ta da tasiri. Wasu masana a ƙasar Kanada sun ɗauki hoton bidiyo na filayen wasan makarantun firamare, suka buga sakamakon a 2001. Sun gano cewa in wani yaro ya sa baki ya hana, a fiye da rabin lokutan cin zalin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Mai cin zali 'yan kallo yake nema. In suka janye dariyarsu, kasuwarsa ta watse. Ikilisiya ma tana da shaidarta. Waliyyi Dominik Sabiyo, almajirin Waliyyi Yohanna Bosko a birnin Turin na Italiya, ya rasu a 1857 yana da shekara 14 kacal. Wata rana abokan karatunsa biyu suka yi alkawarin jifan juna da duwatsu. Dominik ya bi su har filin, ya tsaya a tsakaninsu riƙe da ɗan gicciye, ya nemi duk mai son yin jifa ya dubi gicciyen ya fara da shi. Duwatsun suka faɗi ƙasa. Paparoma Piyus na 12 ya sa shi cikin jerin waliyyai a 1954. Alheri irin na Kirista ba rauni ba ne, akwai jaruntaka a cikinsa.

Aikin da ke gabanmu

Ga iyaye muna cewa: littafi ba ya karanta kansa. Ku zauna da yaro, ko na minti 10 ne bayan cin abincin dare, ku buɗe shafi, ku bar shi ya ƙare wa hoton kallo. Ku tambaye shi: wa ke tsaye shi kaɗai a nan? Yaya kake gani yake ji? Wa ya gani ya yi shiru? Da kai ne, me za ka yi? Sau da yawa a wannan hira ce yaron da ya daɗe yana ɓoye damuwarsa zai ce, ai ni ma haka ake yi mini. In ya faɗa, kada mu ce masa ya zama namiji ya daure, kada kuma mu tura shi ya rama. Mu saurare shi, mu je mu ga malaminsa. In kuwa ɗanmu ne mai cin zalin, kada son kai ya rufe mana ido. Mu kuma binciki kanmu, gama yaro yakan kai makaranta abin da ya ji a tsakar gida. In muna kiran maƙwabta da sunan raini saboda ƙabilarsu ko addininsu, in 'yar riƙo da ɗan aikin gidanmu su ne masu cin ƙanzo, to, mun riga mun karanta wa 'ya'yanmu wani littafi dabam.

Mun sani littattafan da muka ambata ba a kowane kanti ake samun su ba, kuma ba kowane gida ke karanta Turanci ba. Wannan ba zai zama hujja ba. Shirin African Storybook, wanda aka fara a Afirka ta Kudu, yana da littattafan hotuna na kyauta a intanet cikin harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa, ana iya karanta su a waya ko a buga su a takarda. Muna da tatsuniyoyinmu na 'yar bora da 'yar mowa, waɗanda kakanninmu suka yi amfani da su wajen nuna ƙarshen mai wulaƙanta marar gata. Muna kuma da matasa masu baiwar zane a kowane faris. Me zai hana ƙungiyar matasa ta ɗauki labarin Yusufu, ko na Basamariye mai kirki, ko na Dominik Sabiyo, ta zana shi a manyan takardu 10 ko 12, a rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane hoto da Hausa da harshen gida, a miƙa wa katekis? Me zai hana Zumuntar Mata ta tanadi ɗan akwatin littattafai a ofishin faris, yara su riƙa ara suna mayarwa?

Ga malamai da katekis muna cewa: ku san wanda yake zaune shi kaɗai. Kada ku kira yaro da laƙabin da 'yan aji suka ba shi, kada ku mai da kuskurensa abin dariya, gama abin da malami ya yi sau ɗaya, yara za su yi sau ɗari. A makarantun kwana kuma, al'adar da manyan ɗalibai suke bautar da ƙanana, suna ƙwace musu abinci da sabulu da sunan horo, ba ta da gurbi a makarantar da ke ɗauke da sunan waliyyi. Waliyyi Yohanna Bosko ya gina tarbiyyarsa a kan hankali, da addini, da ƙauna, ya kuma nace cewa malami ya kasance tare da yara a filin wasa, gama a can ne ake sanin halinsu. Ranar Alhamis ta farko a watan Nuwamba, wadda ƙasashen UNESCO suka keɓe tun 2019 domin yaƙi da cin zali a makarantu, dama ce da makarantunmu za su iya amfani da ita.

Ku kuma 'ya'yanmu, ba mu ce sai kun yi abin mamaki ba. Ku ƙi yin dariya sa'ad da ake yi wa wani. Ku kira kowa da sunansa na gaskiya. Ku matsa ku ba baƙo wuri a benci. In abin ya fi ƙarfinku, ku gaya wa babba. Wannan ba gulma ba ce, ceto ne. Kuma ku yi shi yau, gama ba ku sani ba ko gobe kujerar za ta kasance ba kowa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka rungumi yara ƙanana ka sa musu albarka, kai da ka sha ba'a a tsakiyar taro ba mai kāre ka, ka dubi 'ya'yanmu da suke kuka a ɓoye. Ka tausasa zuciyar masu cin zali, ka buɗe bakin masu shiru, ka gafarta mana mu manya saboda lokutan da muka gani muka wuce. Ta wurin roƙon Budurwa Maryamu, Uwar Ikilisiya, da Waliyyi Dominik Sabiyo, ka mai da gidajenmu da makarantunmu wuraren da kowane yaro zai zauna lafiya. Amin.